Farantina a Teburin Mama

Surukata baƙar Ba'amurkiya ce. Idan na faɗi haka a gidan biki ko suna a Manchester, sai in ga mata sun gyara zama suna jiran labari, su a tunaninsu irin waɗanda suke gani a talabijin ce. Ni kuwa wadda nake tunawa tsohuwa ce doguwa mai faɗin kafaɗa, mai ciwon gwiwa, wadda ta haura shekara casa'in a duniya, fiye da rabinsu a wani ɗan gida a Small Heath ta Birmingham, tsakanin masallaci da shagon mai nama. Mama muke kiranta, mu da 'ya'yanta da jikokinta da rabin mutanen layin. Ita kuwa kowa bebi ne a bakinta, har limamin unguwar da farin gemunsa.

A kudancin Amurka aka haife ta, inda ake noman auduga. Da ta zama budurwa ta hau jirgin ƙasa ta yi arewa, ta samu aikin wanki a wani asibiti, daga baya ta koma kula da marasa lafiya. A can ta haɗu da wani ɗan Kano da ya je karatun injiniya, siriri mai yawan jin sanyi, wanda ta ce tausayinsa ta fara ji kafin so, don ta ga alamar yunwa za ta kashe shi a ƙasar mutane. Suka yi aure, ya samu aiki a Birmingham, suka taho da niyyar su yi 'yan shekaru su wuce Kano. Ba su wuce ba. Ya rasu yaransu uku suna ƙanana, ita kuma ta zauna ta rene su da aikin girki a wata makarantar firamare. Ba ta bar cocinta ba har ta koma ga Mahaliccinta, amma ta yi wa mijinta alkawarin 'ya'yansa za su tashi Musulmi, ta kuma cika. Ita take kora su Islamiyya da yamma, ta daina shigo da naman alade gidanta, da azumi ta tashi ta yi musu sahur sannan ta koma ta kwanta. Babban ɗanta da ya girma ya tafi Kano neman dangin ubansa, ya samu dangi, ya kuma same ni.

Ranar da ya fara kai ni gaishe ta ina amarya, ban daɗe da shigowa ƙasar ba. Tana buɗe ƙofa na zube a kan abin goge ƙafa, na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini. Sai na ji an kama ni ta hammata an ɗaga ni tsaye. Ƙarfi gare ta a lokacin. Ta rungume ni, ta tallafi haɓata tana so in dube ta, ni kuwa idona yana kan silifas ɗinta. Na ji tana tambayar ɗanta ko jiri ne ya ɗebe ni.

Falon gidan ƙarami ne, kuma teburin cin abinci ya cinye shi. Wani jibgegen katako ne mai nauyi, kujerunsa babu biyu masu kama da juna, dole mutum ya bi ta gefe yana matse ciki kafin ya isa taga. Ranar ta cika shi da abinci. Abin da ya ba ni mamaki, kusan komai na gidanmu ne amma an sauya masa hali. Ga wake irin namu mai baƙin ido, ga kuɓewa amma soyayya, ga tsakin masara da aka dama da man shanu, ga wani ganye mai kauri da aka dafa da ƙyafaffen talo-talo har ya yi laushi. Dankalin Hausa kuwa ta niƙa shi ta zuba masa sukari ta gasa, wai abin zaƙi ne na bayan abinci. Ta ja mini kujera kusa da tata, ta ajiye mini faranti fari mai shuɗin baki.

Duk 'yar da aka rena a Kano ta san abin da ya biyo baya. Ni in buɗe baki in kai loma a gaban uwar mijina? Mahaifiyata ta zauna gida ɗaya da kakarmu, uwar mijinta, har tsufa ya kama su su biyun, ban taɓa ganin ta sha ko ruwa a gabanta ba, kuma babu wanda kakarmu take so kamarta. Na jira aka fara ci, na lallaɓa na shiga kicin, na ɗauki wani ƙaramin kwano na ɗebi ɗan abin da ya rage a tukunya, na ci a tsaye na juya wa ƙofa baya. Ina jin maigidana yana yi mata bayani da Turanci, cewa girmamawa ce, cewa 'yar gidan mutunci ba ta cin abinci a gaban surukai. Ta ce ta sani, babansa ya taɓa ba ta labari.

Da muka dawo bayan wata biyu, farantin nan mai shuɗin baki yana nan a gefenta. Na sake shiga kicin. Da aka gama ta ɗauke shi fes, ta mayar kabad.

Haka muka yi shekara ashirin da ɗoriya. Duk Sallah, duk Kirsimeti, duk ranar godiyar nan ta Amurkawa da take tara mu a kan talo-talo, sai ta ajiye mini faranti, ni kuma sai in shige kicin. Yarana suka taso suna ganin abin kamar wani ɓangare ne na shirya tebur: cokali, kofi, da farantin Umma wanda ba a ci a ciki. Ni a raina na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi, kuma na ce in taurin kai ne ta samu daidai da ita. An yi mata bayani, ta ce ta gane, to me kuma ake so in yi? Ban tsallako teku don in zubar da tarbiyyar gidanmu a falon Small Heath ba.

Kada wani ya ɗauka ba ma shiri. Ina sonta, ita ma tana sona, kuma kowa ya sani. Da na haifi ɗana na fari ta hau bas ta zo flat ɗinmu na unguwar Whalley Range a Manchester, wani tsohon gida da aka yayyanka ɗaki-ɗaki, ta shimfiɗa katifa a falo ta yi wata guda. Ranar da ta ga irin ruwan zafin da nake shirin yin wankan jego da shi, ta tsaya a ƙofar banɗaki ta ce ita dai ba za a dafa mata suruka tana gidan ba. Muka yi ciniki, ta yarda da rabin zafin, ta kuma koyi dama kunun kanwa duk da ta ce ɗanɗanonsa kamar an wanke bango. A kicin muna yini tare, ina koya mata miyar kuka, tana koya mini burodin masara, tana rera waƙoƙin cocinsu ƙasa-ƙasa da muryar nan tata mai kauri. Can ne take ba ni labarin jirgin ƙasan da ya fitar da ita daga kudu, da sanyin shekararta ta farko a Birmingham, da masu gidajen haya da suke rufe ƙofa da zarar sun ga fuskarta. Labarin yarintarta ne kawai ba ta cika shiga ba. Da an jera abinci kuma, kowa ya kama gabansa.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Wanda ya zauna a Ingila a lokacin ya san yadda abin ya kasance: ba a yi wata ƙara ba, abubuwa ne suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yau ka ga an rage ranakun ɗakin karatu na unguwa, gobe bas ɗin da kake hawa ya daina bi ta layinku. A asibitin da nake aikin ba da magani a Salford, duk wanda ya bar aiki ba a kawo wani, sai a raba nasa a kan waɗanda suka rage. Maigidana akanta ne, aka sallame su rututu, bayan dogon zama ya samu wani aikin can arewacin ƙasar mai nisa, sai sau biyu a wata muke ganinsa. Ƙanwarsa tana aure a Amurka, ƙaninsu kuma Allah ya yi masa rasuwa tun kafin nan. Ni ce na rage kusa, in ana kiran Manchester kusa.

Mama a lokacin ta doshi casa'in. Gwiwa ta hana ta tsayuwar girki, amma akwai wani zaure a unguwar da ake tara tsofaffi ana ba su abincin rana, mota tana zuwa ta ɗauke su. Can take zuwa da hularta ta coci, ta zauna a kan dogon tebur da tsofaffin Jamaika da na Pakistan da wasu 'yan Ireland, tana kushe girkin tana cinyewa. Wata rana aka ce babu kuɗin ci gaba, aka rufe. A madadinsa aka riƙa turo mata ma'aikatan kula da tsofaffi gida. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Yara mata ne da aka jibga wa gidaje fiye da ƙima, su shigo a guje, su ɗumama abinci, su ajiye mata a gaba, su ba ta magani, kafin ta gama tambayarsu sunan garinsu sun kai ƙofa.

Na fara zuwa duk Asabar. Ranar Juma'a in na taso daga aiki in tsaya a kan ƙafar da ta riga ta kumbura in yi girkin mako, in zuba a robobi, da safe in kama tram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa tasha, in hau jirgin ƙasa, in sauka in hau bas. Na san kowace gona da kowane bayan masana'anta da ke tsakanin garuruwan nan biyu, har na daina ganinsu. Gajiyar lokacin ba irin wadda barci yake magani ba ce. Wani lokaci a jirgi sai in tsinci kaina ina jin haushin kowa: maigidan da ke arewa, ƙanwar da ke bugo waya daga Amurka tana ba da shawara, har da marigayi surukina da ban taɓa gani ba, wanda ya ɗauko 'yar mutane ya ajiye ta a tsakiyar hanya ya tafi.

Abin da ya fi ci mini rai, in na buɗe firij sai in tarar da robobin makon jiya kamar yadda na jera su. An buɗe ɗaya ko biyu, an taɓa sama-sama. Ma'aikatan suka ce suna ajiye mata, in sun dawo da yamma su tarar ya sandare. Na canza girki. Na yi mata waken nan yadda take yi, na yi burodin masara, na yi farfesu. Mama tana ta zubewa. Zoben aurenta ya koma babban yatsa, rigunan cocinta suka zama kamar na aro. In na yi faɗa sai ta ce ba ta jin yunwa, bebi.

Likitanta, GP ɗin unguwar, ya auna ta ya kira ni gefe. Ya ce bai ga wata cuta da za ta hana ta ci ba, amma in ta ci gaba a haka ba za a bar ta ita kaɗai a gida ba, sai dai gidan tsofaffi. Na san abin da wannan yake nufi a wurinta. Ta sha faɗa mana cewa daga gidan nan sai maƙabarta, kusa da mijinta in an yarda, in ba a yarda ba a nesa da shi kaɗan. Na kira maigidana daga tashar bas.

"Sun ce in ba ta ƙara weight ba, care home za su kai ta," na ce masa. "Ni na gaji, wallahi. Na dafa, na kawo, na roƙa. Ban san abin da ya rage ba."

Ya ce zai yi ƙoƙari ya zo ƙarshen wata. Na kashe wayar ban yi sallama ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya na iso da rana, ruwa ya jiƙa ni tun daga tasha. Na taimaka mata ta zauna a kan tebur, na zuba mata shinkafa da wake da ɗan ganye. Kafin in zo ta riga ta sa ma'aikaciyar safe ta sauko mata da farantin nan mai shuɗin baki, yana gefenta. Ko kallonsa ban yi ba. Yunwa nake ji, tun shayin asuba ban sa komai a cikina ba. Na shiga kicin na ɗebi nawa a ƙaramin kwanon da na saba, na tsaya a gaban wurin wanke-wanke ina ci da sauri, ko mayafina ban cire ba.

Ban ji tahowarta ba sai da ƙarfen da take dogarawa ya bugi ƙofa. Na juyo da loma a baki, na rasa yadda zan yi da ita. Tana tsaye tana haki, don daga tebur zuwa kicin tafiya ce a wurinta. Ta daɗe tana kallona.

"Haka uwata take ci," ta ce. "Daidai haka. Ta bayanki ma kamar ita."

Na haɗiye da ƙyar, na ce ta bari in mayar da ita ta zauna. Ta ƙi. A tsaye a bakin ƙofar ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Mahaifiyarta kuku ce a gidan wasu Turawa a garinsu. Ita take dafa duk abin da ake ci a gidan, ita take jerawa, amma ba ta taɓa zama a kan teburin ba, ko da babu kowa a gidan. In sun gama, sai ta ci abin da ya rage a tsaye a kicin, fuskarta ga bango. Tana da kwanonta na tasa da kofinta daban, a rataye a ƙusa bayan ƙofa, don kada su haɗu da na masu gida. In uwar gidan ta shigo tana magana, idon mahaifiyarta yana ƙasa. Mama tun tana ƙarama take bin ta tana taya ta fere dankali, ita ma a can take ci, a bakin ƙofar baya. Ta ce mahaifiyarta ta saba har a gidansu ma ba ta iya zama ta ci, sai a tsaye a gaban murhu, haka ta mutu.

Ta ce da suka samu gidan nan ita da mijinta, ba su da gado, a ƙasa suke kwana, amma ta ja shi shagon tsofaffin kaya ta nuna teburin da ya fi kowane girma. Sai da aka cire ƙofar falo kafin ya shiga. Ta yi wa kanta alkawari cewa a gidanta babu mai launin fatarta da zai ci abinci a tsaye.

"Na gudo daga can, na tsallaka teku, na sayi tebur," ta ce. "Sai ɗana ya je har Afirka ya ɗauko mini ke."

Ta yi 'yar dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa raina ne ya fara ɓaci, ban san dalili ba, wataƙila gajiya ce. Na ce mata ni ba baiwar kowa ba ce, babu wanda ya kore ni daga tebur. Na ce a wurinmu wanda ka fi girmamawa shi kake jin kunya, kuma da ba ta kai uwa a wurina ba da tuni na zauna na cinye mata talo-talo. Na ce mahaifiyata haka ta yi wa kakata, kuma babu wanda ya wulaƙanta wani.

"Na sani, bebi. Babansu ya faɗa mini, mijinki ya faɗa mini. Kaina ya gane tuntuni. Idona ne bai gane ba."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba duk shekarun nan. Ta ce ita ma ai an rene ta. Ba a roƙon mutum ya zauna da kai, faranti ake ajiye masa. Sannan ta ce a zauren da aka rufe ba daɗin abincin yake kai ta ba. Ita tun da take ba ta iya cin abinci ita kaɗai, ana ajiye mata a tafi sai ta ji kamar an zuba wa kare. Ranar Asabar kuwa ta fi kowace rana wuya, don ga mutum a gidan, tana jin ƙarar cokalinsa ta bango.

Na mayar da ita kujerarta. Na koma kicin na tsaya ina kallon kwanona. Ba zan ce wani haske ya sauko mini ba. Abin da na ji kawai shi ne na gaji da jigilar robobi, kuma ba na so a kai ta gidan tsofaffi. Na ɗauko kwanon na juye a farantin mai shuɗin baki, na ja kujerar da aka ja mini tun ina amarya, na zauna.

Ban taɓa cin abinci mai wuya irin wannan ba. Ji nake mahaifiyata tana tsaye a bayana tana salati. Ina jin ƙarar taunata har cikin kunnena, na tabbata duk layin suna ji. Mama ba ta dube ni ba, ta yi mini wannan alfarmar. Ta ɗauki cokalinta ta fara ci a hankali, tana ba ni labarin wata maƙwabciyarta da ta sayi kyanwa. Ta ce waken ya so ƙarin gishiri. Da na ɗago ido na saci kallon farantinta, ta ci fiye da rabi.

Ba wai daga nan komai ya gyaru ba. Asabar ɗaya ce a mako, kuma ba a buɗe zauren ba. Amma yanzu na san ciwon. Na bi maƙwabta gida-gida, ni da ba na son roƙo. Matar mai nama, 'yar Pakistan, ta ɗauki Talata. Wata Hajiya 'yar Gana mai jin Hausa, wadda Mama ta taɓa rena mata yara suna ƙanana, ta ɗauki Alhamis, ta ce da an faɗa mata tun farko. Matan cocinsu suka riƙe Lahadi. Na gaya wa kowa sharaɗi ɗaya ne: kada ki kawo abinci ki ajiye, ki zo da yunwarki ki zauna. Sauran ranakun tana ɗan taɓawa ne kawai. Nauyinta bai dawo ba, amma ya daina sauka, likita ya bar maganar gidan tsofaffi. Ta ƙara kusan shekara biyu a gidanta.

Ni kuma ban taɓa sabawa ba, kada in yi ƙarya. Har Asabar ta ƙarshe sai na yi bisimilla sau biyu kafin in iya kai lomar farko. Ranar da yarana suka fara ganina a kan tebur, ƙaramar ta buɗe baki za ta yi magana, kakarta ta harare ta, ta mayar da bakin ta rufe. Da na gaya wa mahaifiyata a waya, ta ce to, Allah ya ba da lada, ai jinya ce. Ban gyara mata ba.

A ƙarshe aka sauko da gadonta falo, aka matse shi tsakanin tebur da taga. Ta daina cin komai sai cokali biyu-uku na kunu, kunun da ta taɓa cewa kamar an wanke bango. Wata Asabar na zo na tarar ko kunun ta ƙi. Na gyara mata matashi, na shafa mata mai a ƙafa, na zauna a bakin gadon. Ta ɗaga yatsa ta nuna kabad. Na ce mata ba na jin yunwa. Ta sake nunawa. Na sauko da farantin, na zuba tuwon da na kawo wa masu zuwa dubiya, na zauna a kujerata. Wannan karon ba ta kawar da kai ba, ta zuba mini ido. Na ci ina kallonta tana kallona, hawaye yana sauka a miya, har na share farantin.

"Yauwa, bebi," ta ce, da Hausar da ba ta fi kalma goma ba a bakinta.

Cikin makon ta rasu. An yi mata addu'a a cocinsu, mu Musulmin gidan muna zaune a baya, limamin unguwa ya tsaya a waje da hularsa har aka fito da ita. Ba a samu wuri kusa da mijinta ba, amma maƙabartar ɗaya ce.

Da aka zo kwashe kayan gidan, maigidana ya ce a bayar da teburin sadaka, ba zai shiga flat ɗinmu ba. Ya auna, ya nuna mini, kuma gaskiyarsa ne. Na ce a cire ƙofa. Yanzu yana falonmu a Whalley Range, ya cinye rabinsa, baƙi suna bi ta gefe suna matse ciki.

Bara ɗana na fari ya yi aure. Yarinyar 'yar Kano ce, karatu ya kawo ta Salford, 'yar gidan mutunci. Ranar da ya kawo ta gaishe ni ta zube a bakin ƙofa, idonta a ƙasa, na ji daɗi har cikin raina, na ce lallai an yi tarbiyya. Na jera abinci, na ja mata kujera kusa da tawa, na ajiye mata farantin mai shuɗin baki. Aka fara ci. Ina kallonta ta gefen ido ta lallaɓa ta shige kicin.

Na ɗan zauna ina jin ƙarar cokalinta ta bango. Gwiwata ni ma ta fara ciwo yanzu, tashi yana yi mini wuya, kuma ba ni da shekara ashirin ɗin da zan jira. Na dafa teburin na miƙe, na je bakin ƙofar kicin. Tana tsaye ta juya baya, tana ci da sauri.

"Ɗauko kwanonki ki zo," na ce.

Ta juyo da loma a baki, ta rufe fuska da mayafi. "Wallahi Umma ba zan iya ba."

"Na sani," na ce. "Ɗauko."